Inabina da Hancin Yaya Maikano

Duk wanda ya ce muku ni Safiyanu ba ni da basira, ku tambaye shi wa ya fara kawo yawon buɗe ido Yalwan Damai. Ni ne. Cewa abin bai wuce yini guda ba, wannan wata magana ce daban, kuma za ku ji yadda aka yi.

Mu biyu maza mahaifinmu ya bari, ni da yayana Maikano, ya kuma bar mana fadama a bakin rafi wadda ba a raba ba. Yaya Maikano tsohon direban tirela ne. Ya daɗe yana kai albasa da shanu Kudu, sannan ya ajiye tuƙi ya dawo gida da tabo a goshi, wanda ya ce 'yan fashi ne suka yi masa a hanyar Fatakwal. Tun da ya dawo, sahun farko bai taɓa wuce shi a masallaci ba. Shi ake kira sasanta ma'aurata, shi ake turawa neman aure, kuma in ya dube ka ta ƙasan gira sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ni kuwa tun da na zo duniya bai taɓa yaba mini a kan komai ba. Da na kawo kiwon zomaye, ya ce to. Da zomayen suka cinye kabejin maƙwabta suka gudu, ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa ya fi mari zafi.

Wata rana ina zaune a teburin mai shayi a Birnin Kudu ina latsa waya, sai na ci karo da wani bidiyo. Wasu Turawa ne a ƙauyensu, gonakin inabi iya ganinka. Motoci na sauke baƙi, ana zagayawa da su cikin gona, ana shiga da su wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa cike da manyan ganguna. Sai a zuba wa kowa jan ruwa a kofin gilashi, ya juya shi, ya shinshina, ya kurɓa, ya yamutse baki, ya tofar. Ban ji ko kalma ɗaya daga yarensu ba, amma mai basira ba ya buƙatar tafinta. Na ce a raina, ashe haka ake yi, mutum ya baro gidansa ya zo kallon gonar wani? Mu kuma muna nan muna shuka albasa, ko kare ba ya tsayawa ya kalle ta.

Kada wani ya ce ban san akwai giyar inabi a duniya ba. Na sani sarai. Amma a sanina giya a kamfani ake haɗa ta, da injuna da wani mugun sinadari da ake zubawa. Wanda bai zuba sinadarin ba, me ya haɗa shi da giya? Ni ruwan inabi zan yi, tsarkakakke, ɗan'uwan zoɓo.

Na sami Yaya Maikano a zaure yana jan carbi, na durƙusa na zayyana masa komai, har da yadda za a riƙa cika bas daga Birnin Kudu da Gwaram. Ya saurara har na gama.

"Rabin fadamar kake so ke nan?"

"Rabi kawai, Yaya. Sauran ma da kanka za ka kawo mini in ka ga abin da ake ciki."

"To. Ka ɗauka. In inabinka ya nuna, baƙinka suka zo suka koma gida lafiya suna sa albarka, na bar maka ita har abada. In kuwa aka yi irin ta zomaye, da hannunka za ka tumɓuke shi mu zuba albasa, kuma kada ka sake zuwa mini da wata dabara."

"Yaya, wannan karon sai ka ce mini sannu da ƙoƙari."

"To," in ji shi.

Na tafi wajen Zariya na samo dashe, na kafa rumfuna da sanduna da waya, na shiga ban ruwa. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ina ta shan tsokana a majalisa. Wasu su ce kabewar Turawa na shuka, wasu su ce rumfar biki na kafa wa ƙadangaru. Sai Allah ya kunyata su, inabi ya zubo 'ya'ya curi-curi. Ban gama zagaya gari ina ba da labari ba, tsuntsayen Jigawa kaf suka ji labarin su ma.

Na kaɗa gwangwani, suka saba da kiɗan. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, suka mai da kansa wurin hutawa. Sai basira ta motsa. Na shiga gida na kwance gidajen sauronmu duka na je na lulluɓe inabi.

Matata Azumi ta tare ni a tsakar gida da safe, fuskarta duk ƙuraje.

"Baban Zulaiha, ina gidajen sauronmu?"

"Suna wajen aiki."

"Wane aiki?"

"Gadi. Ki yi haƙuri, Azumi, tsuntsu in ya ci inabi ya tafi da shi ke nan. Ke kuwa sauro in ya cije ki kina nan."

Ba ta yi mini magana ba har aka yi girbi.

Da aka tsinke inabin, sai aka zo wajen matsa. A bidiyon da ƙafa Turawan suke tattakawa, don haka na wanke ƙafafuna da sabulu, na juye inabi a babbar robar wankin Azumi, na naɗe wando na shiga. Taku na farko lafiya. A na biyu na ga sama ta koma ƙasa, na zauna daɓas a cikin robar, ita kuma ta tsage gida biyu. Azumi ta leƙo daga madafi, ta ga mijinta kwance cikin jan ruwa, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu an yanka ni. Kafin in miƙe mata sun cika gidan.

Kala ta kama ƙafafuna har gwiwa ta ƙi fita. A masallaci na ga ana ba ni fili dama da hagu, har wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in daure in je babban asibiti, irin wannan ciwon ba a wasa da shi.

Azumi ta rantse ba wanda zai sha abin da ƙafata ta taɓa, ta kwace sauran ta daka a turmi. Da muka tace, ruwan bai kai yadda na zata ba, ko randa biyu bai cika ba. Mutum ba zai tara jama'ar ƙananan hukumomi biyu a kan abin da bai fi ƙoƙon fura ba. Na dafa zoɓo na ƙara. Na ɗanɗana na ji tsami, na narka mazarƙwaila na zuba ba tausayi, na jiƙa dabino na bi da shi. Sai ga randuna sun cika fal.

Na haƙa rami a gindin mangwaron da ke gonar, mai zurfi har wuyana, na yi masa matakala da rufin zana. Shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na jera randunan, na kifa musu faifai, na kwaɓa laka na liƙe bakinsu yadda ake liƙe rumbu.

"Ni dai a sanina ko kunu ya kwana lalacewa yake," in ji Azumi.

"Kunu na talakawa ne. Wannan iya daɗewarsa iya darajarsa. Kuma kunu ai ba a liƙe shi da laka."

"Allah ya kyauta."

Bazara ta kama, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Ba a jima ba randuna suka fara magana. In ka tsaya a bakin ramin sai ka ji ɓul, ɓul, ɓul, kamar ana gulma a ƙarƙashin ƙasa. Mata masu zuwa rafi suka canza hanya. Magana ta bazu wai na tono gidan aljanu sun shige randunan. Na tsaya a majalisa na yi musu bayani cewa numfashi yake yi, kuma duk ruwan inabin da ba ya numfashi na banza ne. Ina cikin bayanin muka ji dam! daga fadama. Randa ɗaya ce ta tashi da rufin zanar, faifanta kuwa sai a saman mangwaro aka same shi.

"Wannan kuma atishawa ya yi?" wani ya tambaya.

Na ce wannan randar dama tana da tsaga. Na huda wa sauran 'yan ƙofofi a lakar, suka ci gaba da gulmarsu a hankali har suka gaji suka yi shiru.

Na sa ranar buɗewa. Na sa aka rubuta allo da jan fenti aka kafa a bakin hanya: GONAR INABIN SAFIYANU, A ZO A GANI A ƊANƊANA. Na shirya da abokina Ɗanladi, direban bas a tashar Birnin Kudu, ya ɗebo baƙi, ranar farko kyauta. Babban baƙo shi ne Alhaji Yunusa, dilan hatsi, mutumin da murmushinsa ma sai ya auna yake bayarwa. In ya sa wa abu albarka a Birnin Kudu, ya karɓu. Na ari kofunan gilashi daga masu shayi, na sayo ƙanƙara, na shimfiɗa tabarmi a inuwa.

Da safe na fasa lakar na tace. Wani irin ƙamshi ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Na kurɓa, na ji ya kama maƙogwarona kamar an zuba barkono, na yamutse baki na tofar. Nan na tabbata na yi daidai, don haka Turawan ma suke yamutse baki. Duk da haka na ji tausayin mutanenmu da ba su waye ba, na ƙara sukari da citta da kanumfari, na zuba ƙanƙara. Diddigar da na tace kuwa na watsa wa awakin Azumi a bayan shinge.

Yaya Maikano ya tafi ta'aziyya Basirka tun da sassafe, ya ce zai dawo ya tarar da mu.

Bayan azahar bas ta iso maƙil, har da wasu 'yan Gwaram da suka biyo a babura. Mutanen gari ma suka fito, ciki har da Baba Ƙasimu da Malam Sada, tsofaffi biyu da suka daina gaisawa tun ina yaro saboda wata bishiyar kuka da ke kan iyakar gonakinsu. Kowa ya zauna a ƙarshen tabarma ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Na sa babbar riga na shiga gaba, na zagaya da baƙi cikin rumfuna.

"Ina inabin?" in ji Alhaji Yunusa.

"An girbe, Alhaji."

"To me muka zo gani?"

"Inda yake a da."

Ya dube ni, ya dubi gidajen sauron da ke rataye. Na kai su ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mutum ɗaya yake ɗauka, don haka aka yi layi a rana, kowa ya sauka ya ga randuna ya hauro yana share gumi. Wani ɗan Gwaram ya ce shi da ya san rami aka gayyace shi gani, da akwai a bayan gidansu. Kafin a gama, harshen kowa ya bushe ƙamas.

Dama haka nake so. Na zaunar da su, aka raba kofuna, na ɗaga nawa.

"Jama'a, wannan ba zoɓo ba ne da za a ɗaga kai a kwankwaɗe. Yana da ƙa'ida. Ka juya shi haka. Ka kai hanci. Ka kurɓa kaɗan, ka zagaya da shi a baki. Sannan ka tofar."



"Mu yi me?" in ji Baba Ƙasimu.

"Ku tofar, Baba."

"Ka tara mu a rana, ka ba mu abin sha mai sanyi, mu tofar a gabanka? Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Ni uwata ba ta koya mini tofar da abin da mai gida ya ba ni ba."

"Almubazzaranci ne ma," in ji Malam Sada daga ɗaya ƙarshen. Wannan ne karo na farko da na ji bakinsu ya zo ɗaya.

"Haka Turawa suke yi," na ce.

"Turawa ba su san ƙishi ba," in ji Alhaji Yunusa. Ya yi bisimilla, ya ɗaga kai, sai da ya ga gindin kofin. Ya lashi leɓe. "Yana da ɗan yaji. Ƙaro."

Shi ke nan, ƙa'ida ta rushe. Kofunan shayi suka yi musu kaɗan, aka aika gida aka kwaso kwanukan sha. Ni kaɗai na tsaya kan tsari, ina kurɓa ina tofarwa don in nuna musu wayewa, har wani ya ce a ba Safiyanu wuri, da alama azumi yake yi yana mantawa. A duk taron nan babu wanda ya taɓa jin ko warin giya a rayuwarsa, ni ma haka. Abin da muka sani kawai, zoɓo ne mai ratsa jiki.

Abin ya fara ne daga awaki. Bunsurun Azumi ya ɓullo ta shinge yana tafiya a karkace, ya tsaya gaban allona ya daɗe yana kallonsa kamar mai karatu, ya ja da baya ya kai masa karo, ya kuskure, ya faɗa cikin kwalbatin ban ruwa ya kwanta yana kallon sama. Jama'a suka fashe da dariya. Na yi zaton za su yi su gama, amma dariyar ta ƙi ƙarewa. Wani ɗan Gwaram ya yi ta yi har ya koma kuka, aka tambaye shi lafiya, ya ce ya tuna wani jakinsu ne mai kirki.

Sai Baba Ƙasimu ya miƙe ba sanda, ya taka har wajen Malam Sada ya rungume shi.

"Sada, kukar nan taka ce. Na bar maka."

"A'a, Ƙasimu, wallahi taka ce. Ni na zalunce ka."

"Na ce na bar maka!"

"Ni ma na ce ba na so!"

"Kai wa ye da zan ba ka kyauta ka ƙi?"

Suka cakumi wuyan rigar juna, aka shiga tsakani suka ƙi saki. Ni kuwa ina gefe zuciyata fari ƙal. Na ce wa na kusa da ni, ka ga abin da inabi yake yi, yana buɗe zuciya.

Alhaji Yunusa ya tashi zai yi jawabi. Ya cire hularsa ya kafa wa Ɗanladi a ka ya ce kyauta ce. Mutanen Birnin Kudu suka dubi juna, don ba a taɓa jin ya ba da ko tsinken sakace ba. Ya dafa kafaɗata da nauyinsa duka.

"Wannan yaro, wannan yaro Safiyanu, haziƙi ne. Duk mako sai na cika bas na kawo mutane. Ni da wannan gona mutu ka raba. Allah ya yi maka albarka. Allah ya yi wa randunanka albarka. Allah ya yi wa wancan bunsurun albarka."

Aka ce amin da ƙarfi. Daidai lokacin na hango Yaya Maikano yana kafe babur ɗinsa a bakin shinge, kuma na tabbata ya ji albarkar da kunnensa. Fadama ta zama tawa. Saura kawai baƙi su koma gida lafiya. Na cika kofi na tarye shi har da ɗan rusunawa.

"Yaya, sannu da hanya. A juya, a shinshina."

Ya karɓa. Bai juya ba, bai kurɓa ba. Kofin ko kusa da bakinsa bai kai ba ya tsaya cak. Na ga hancinsa ya motsa, na ga fuskarsa ta canza kamar wanda ya haɗu da wani tsohon sani da ba ya son a gan su tare. Ya dubi kofin, ya dubi tsofaffin da ke kokawa, ya dubi bunsuru. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, ya koma gefe ya ciro carbinsa. Na ce a raina, hassada ce, ta hana shi ko da "to" ɗin.

Sai Ɗanladi ya miƙe da hular Alhaji a karkace, yana kaɗa makullin mota.

"Birnin Kudu! A shiga a shiga! Yau ko birki ba zan taka ba, motar nan da kanta ta san hanya!"

Ya nufi bas, ya wuce ƙofar, ya dawo, ya shiga laluben inda ake sa makulli. Mutane suka fara hawa suna waƙa. Ban san lokacin da Yaya Maikano ya tsallake tabarmi ba, sai ganinsa na yi ya damƙe hannun Ɗanladi ya murɗe makullin.

"Ba za ka tuƙa motar nan ba."

"Haba Yaya Maikano, don me?"

"Don a buge kake. Duk a buge kuke. Jama'a, a ajiye kwanukan nan, giya ce!"

Kwanuka suka zube ƙasa. Salati ya tashi ta ko'ina. Ni kuwa raina ya ɓaci, don na ga fadama tana suɓucewa.

"Yaya, wannan ƙazafi ne! Da hannuna na yi, ban zuba sinadarin komai ba. Albasa kake so ka shuka, shi ya sa!"

"Ba a zuba mata komai, sakarai. Zaƙi da zafi da daɗewa, ita ke yin kanta."

Alhaji Yunusa ya matso yana tangaɗi, ya ɗaga yatsa.

"Tsaya, Malam Maikano. Mu nan mun sha kwano-kwano ba mu gane ba. Kai ko kurɓa ba ka yi ba. Ta yaya ka sani?"

Duk wanda ke iya tsayawa ya juyo. Ko ɗan Gwaram mai jaki ya tsagaita da kuka. Yaya Maikano zai iya cewa a littafi ya karanta, ko wani ya ba shi labari, amma ya san in bai kawo hujjar da za ta sa su yarda ba, Ɗanladi zai karɓi makullinsa. Ya sa hannu ya ture hularsa baya, tabon goshinsa ya fito.

"Wannan da nake ce muku 'yan fashi ne, ba 'yan fashi ba ne. Ita ce. Na sha ta a Kudu kafin Allah ya shirye ni, na hau tirela na kwanta da ita a rami da shanun mutane. Warinta ko a kabari na ji shi sai na gane. Wanda ya ga dama ya faɗa a gari, amma yau ba mai hawa motar nan da Ɗanladi."

Ba wanda ya yi dariya. Kunya ta rufe ni, tausayinsa kuma ya kama ni, don na san abin da ya ajiye a tabarmar nan ya fi rabin fadama.

Baba Ƙasimu ne ya fara magana. Ya saki wuyan Malam Sada ya ce, "To in haka ne, kukar nan ban bayar ba."

Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Aka jera manyan mutane a gindin mangwaro ana kwara musu ruwan rafi, Azumi da maƙwabta suna dama kunun tsamiya suna aikowa, ita kuma tana faɗa wa duk wadda ta shigo cewa dama ta ce ko kunu ya kwana lalacewa yake. Liman ya zo ya ce wanda ya sha bisa rashin sani ba shi da laifi, amma randunan a fasa su yanzu. Ni na fasa su da taɓarya, jama'a na kallo. Alhaji Yunusa da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya sace masa hula. Da yamma ta yi, Yaya Maikano ya shiga mazaunin direba, karo na farko tun da ya ajiye tuƙi, ya mai da kowa ƙofar gidansa.

Baƙi sun koma lafiya, kuma an sa albarka, na so in kafa hujja da wannan. Da na dubi fuskar Yaya sai na ɗauki fartanya. Da hannuna na tumɓuke inabin, gidajen sauro suka koma bakin aikinsu na asali.

Ni an sa mini suna Mai Randa, kuma na saba. Na Yaya Maikano ya fi ciwo. Har yanzu yana sahun farko, amma an rage kiransa neman aure, kuma duk matar da zoɓonta ko kununta ya kwana sai ta aiko a ce don Allah ya shinshina. Yana karɓa, ya shinshina, ya ce a sha ko a zubar, bai taɓa ɗaga murya ba.

Da sanyi ya shigo muna dashen albasa, ni da shi kaɗai a fadama, kowa ya duƙa a kan kunyarsa. Abin ya daɗe yana cina, na kasa daurewa.

"Yaya, don Allah in tambaye ka."

"Ina ji."

"Tsakaninka da Allah, tunda kai ka san harkar. Tawa ɗin nan, ta yi kyau?"

Ya miƙe tsaye. Na ɗauka fartanyar zai jefo mini. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya tabbata ba kowa, sannan ya sassauta murya.

"Astagfirullah. Safiyanu, daga nan har Fatakwal ban taɓa jin mai ƙarfin taka ba. Sannu da ƙoƙari."

Ya duƙa ya ci gaba da dashe. Na tsaya da irin albasa a hannu, ƙirjina ya cika fal. Tun ina yaro nake jiran kalmar nan daga bakinsa, ga ta ta zo, kuma ba majalisar da zan iya kai ta.